Zauren Zumunta: Anti Rabi na neman shawarar sola kafin azumi

Anti Rabi: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema. Na ɗauki adashena, na haɗa da kuɗin tumakin nan da na sayar, ina so in saka sola kafin azumi saboda firiza. Bara sau nawa ina zubar da kunun aya, wata rana jarka guda. Abin da nake so ta ɗauka: firiza ɗaya, fanka uku, ƙwayaye, sai talabijin ɗin yara. Mutum biyu na tambaya. Ɗaya ya ce batir mai ruwa, ɗaya ya ce kada in kuskura, sai litiyam. Kowa da irin nasa lissafin. Ni dai kaina ya kulle.

Sadiƙ: Wa alaikumus salam Anti. Allah ya sanya alheri. Nura fito, kasuwa ta biyo ka har gida.

Zainab: Anti ta faso gari 😂 Mu dai a ware mana soket ɗin caji.

Baffa Ɗanlami: Rabi, ki sayi inji mai kyau ki huta. Nawa shekara tara ke nan, ban da mai da fulogi ban taɓa kashe masa sisi ba.

Anti Rabi: Alhaji ai man ne abin gudun. Kafin a cire tallafi a 2023 lita ba ta kai 200 ba, muna zaune sai da ta haura 1,000. Ribar zoɓon gaba ɗaya gidan mai nake kai wa. Ga ƙara, ga hayaƙi, ga maƙwabta na harararka.

Baffa Ɗanlami: Maƙwabtan da suke zuwa caji?

Kawu Sule: Rabi dakata, kada ki ba kowa ko kwabo sai kin karanta wannan. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kun tuna duhun nan na Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Makurɗi da Jos shi ma ya faɗi, Arewa ta yi sama da mako ba wuta? To a lokacin ina da ankon biki uku a shago, keken aiki na kallona ina kallonsa. Kowa ya ruga sola, kaya suka yi tsada, masu haɗawa suka zama kamar likitoci, sai da layi. Sai wani abokina ya kawo mini wani yaro, ya ce a masallacinsu yake salla. Yaron ga ladabi, har ƙasa yake gaishe ni. Lissafin da ya ba ni ya yi ƙasa da na kowa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Na ce Allah ya kawo ni gidan sauƙi. Fanel huɗu, kowanne an rubuta wat 350 a bayansa, batir biyu busassu masu 200, inbata mai juya wutar batir ta koma irin ta gida, da kwantirolar caji da aka rubuta MPPT, wato irin mai kyau, ɓaro-ɓaro a goshinta.

Watan farko har kyautar caji nake yi wa 'yan layi. Wata na uku, ana kiran isha'i inbata za ta fara kuka, ƙi-ƙi-ƙi, kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Na kira yaron, ya ce hazo ne, a wanke fanel. Na hau da kaina da wannan gwiwar tawa na wanke. Ba ta canja zane ba. Ya ce to yaran shago ne suke guga a ɓoye. Na ƙwace dutsen gugar na kulle a durowa, muka koma na gawayi, har na yi wa Ɗan'asabe faɗan da bai ji ba bai gani ba, Allah ya yafe mini. Wata na bakwai batiran suka kumbura kamar cikin akuya mai shirin haihuwa. Na kira lamba, a kashe. Abokin nawa ya ce ai yaron ya koma Abuja.

Abin da ya fi ƙona mini rai ranar da na kai su wajen 'yan gwangwan ne, in samu ko na cefane. Mutumin ya ɗaga ɗaya, ya girgiza shi kusa da kunnensa, ya yi murmushi. Ya ce Alhaji ka yarda in yanka? Ya sa garinda ya buɗe saman. Wallahi dalmar da ke ciki ba ta kai rabi ba. Sauran fasassun gilasai ne aka jera, da yashi a ƙasa, don in ka ɗaga ka ji nauyi. Ni da na ɗaga a ranar saye na ce ma sha Allah, wannan batir ne! Ashe yashi nake yaba wa.

Da Nura ya zo ya duba sauran, ya sa farce ya ɓare takardar bayan fanel, sai ga wata a ƙarƙashinta an rubuta 200. Ya kankare wayar da wuƙa, jan ya fita, fari ya bayyana, ashe alminiyam ce aka shafa wa ruwan jan ƙarfe. Shi ya sa da rana in ka taɓa ta sai ka ji ɗumi. Ni dai araha ba ta ado, na gani da idona.

Zainab: Innalillahi. Kawu ashe gini ka saya, saura siminti 😭

Kawu Sule: Za ki zo karɓar ɗinkin salla ai.

Yaya Aminu: Allah ya mayar da alheri Kawu. Wannan na yashin har nan Maiduguri an sha yi wa mutane.

Ustaz Kabiru: Wanda ya yi algus ba ya cikinmu, haka hadisi ya ce. Allah ya shirye shi, in yana da rabo.

Kawu Sule: Amin, amma ya fara dawo mini da kuɗina.

Nura: Salam. Ku yi haƙuri ina kan rufi ne a Ɗorayi, yanzu na sauko. Kawu ka manta ba ka faɗa musu inda fanel ɗin suke kallo ba.

Kawu Sule: Kai dai faɗi abin da aka tambaye ka.

Nura: Gabas ya jera su, wai alƙibla 😅 Ga darbejiyar maƙwabci na rufe biyu daga azahar. Anti, fanel ba salla za su yi ba. A nan Kano kudu ake fuskantar da su, a ɗan karkata kamar digiri 10 zuwa 15, don muna wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Karkatar kuma tana taimaka wa ruwan sama ya wanke ƙura. Inuwa kuwa ko ta reshe ɗaya ce, in a jere aka haɗa su, tana jan sauran ƙasa.

Nura: Amma Anti tambayarki ta fara daga ƙarshe. Ba a fara maganar batir sai an san kaya. Ki leƙa bayan firizar, akwai wata 'yar takarda mai lambobi, ki ɗauko mini hotonta. Fankokin kuma irin na da ne ko sababbi?

Anti Rabi: Na sama ne, tun na kayan aurena.

Nura: To nan ɓarawon yake. Tsohuwar fankar sama tana shan wajen wat 75. Uku, awa 10 na dare, wat-awa 2,250 ke nan. Sababbin nan masu injin DC, wato irin wutar batir, wajen wat 30 suke sha, uku a awa 10 ya kama 900. Kin ga canja fanka kawai ya rage miki fiye da abin da batir mai ruwa guda yake bayarwa a dare. Mutane sai su ƙi sayen fanka su je su ƙara batir, alhali batir ya ninka ta tsada sau da yawa. Haka ƙwai: na LED mai wat 10 ya fi tsohon mai 60 haske.

Nura: Batir kuma ga yadda abin yake a taƙaice. Mai ruwa, dogon nan da ake ce wa tubula, mai amfiya 220 a bolt 12, a takarda wat-awa 2,640 ne. Amma in kina son ya yi kwana, rabi kawai za ki riƙa sha. Biyu ke nan su ba ki wajen 2,600. Litiyam mai amfiya 100 da ake ce wa bolt 24, ainihinsa 25.6, kuma 2,560 ne, ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ba ya jin komai, kuma yana cika da wuri. Irin wanda ake sa wa a gida LiFePO4 ake rubutawa a jikinsa, ba irin na waya da laftof ba ne, ya fi su jure zafi kuma ba ya saurin kamawa da wuta. Mai kyau yana yin cika-da-juyewa sau 3,000 zuwa sama. Mai ruwa bai kama ƙafar haka ba.

Yaya Aminu: Nura a nan zan saɓa maka. Mu fa mun riga ku shiga wannan makarantar. Tun Janairun 2021 da aka tayar da turakun layin Damaturu muka shiga duhu wata da watanni, sai a Maris 2023 aka buɗe tashar gas mai megawat 50. A lokacin duk wanda ka sani da sola a garin nan mai ruwa ne ya riƙe shi. Nawa biyu sun yi mini shekara huɗu. Sirrin kawai ruwan batir duk wata, kada na famfo ko na leda, kuma kada a kulle su a sito. In ya mutu ma dalmarsa kuɗi ce, ka sayar ka cika ka sayi sabo. Litiyam in 'yar ƙwaƙwalwar nan ta cikinsa ta ƙone wa zai gyara maka? Maƙwabcina nasa na nan ajiye wata biyar kamar akwatin amarya.

Nura: Yaya gaskiyarka ta wani ɓangaren, amma kai mutum ne mai kula. Anti da ɗaurin zoɓo da yara biyar za ta tuna da ruwan batir? Kuma zafi ne ke kashe mai ruwa. Ƙa'idar da muka karanta, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu. Ka lissafa da ɗakin Kano a watan Afrilu. BMS ɗin kuma, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ka ce, yanzu ana canjawa, akwai yara a Sabon Gari da suka iya. Matsalar ita ce masu haɗa shi da tsofaffin ƙwayoyin da aka ciro daga wani wuri su sa a sabon akwati.

Yaya Aminu: To ka ga yashin Kawu ya dawo ta wata ƙofa ke nan.

Anti Rabi: Wato har ni ce ba zan tuna ba ko Nura? Wa yake tuna wa uwarka ranar zubi?

Nura: Tuba nake Anti 🙏

Hauwa: Ina wuninku. Anti mu nan Maraɗi tun da Najeriya ta yanke muna kuran bayan juyin mulkin 2023 munka koyi hankali. Kun san wutarmu ta Katsina take shigowa, ƙasar ma gaba ɗaya wajen kashi 70 daga wajenku take samu a lokacin. Mutanen Yamai sun ɗan samu sauƙi da tashar solar Gorou Banda mai megawat 30, mu kam sai kowa ya yi ta kansa. Abin da mata masu ƙanƙara suke yi nan, firigo mai aiki da pano, wato fanel, kai tsaye suke saye, na DC, babu inbata. Da rana ya yi ta aiki, da dare a rufe shi ruf a lulluɓa bargo. Maƙwabciyata da shi take riƙe da gida.

Zainab: "Munka" 😂😂 Yaya Hauwa shekara shida kacal har harshe ya karye.

Hauwa: Ke da kike Zariya fa, me kika koyo ban da rowa?

Sadiƙ: Rowar ai da ita ta tafi, Zage-zagi sun samu malama.

Zainab: Sadiƙ kai da sai ka je shagon mai POS kake cajin waya, ina ruwanka da zancen masu sola?

Nura: Yaya Hauwa ta faɗi abin da nake shirin faɗa. Anti ki riƙe wannan ko kin manta sauran: ƙanƙara ita kanta batir ce, kuma ita ce mafi araha. Kada ki ce sai firiza ta kwana tana aiki a kan batir. Ki ƙara fanel, don yanzu fanel ne abu mafi sauƙin kuɗi a cikin kayan, Chana ta cika duniya da su. Firiza ta kama aiki daga tara na safe zuwa biyar na yamma da hasken rana kai tsaye. Ki jera robobin ruwa a ƙasanta su daskare su zauna nan, kada ki sayar da su. Da magariba ki kashe, ki daina buɗewa barkatai. Batir ya ji da fanka da ƙwai kawai. Da haka ƙaramin litiyam ya ishe ki. Fanel mai 550 a ranar Kano, bayan an cire asarar zafi da ƙura da waya, yana ba da wat-awa 2,000 da ɗoriya a yini. Uku ko huɗu sun yi miki.

Anti Rabi: To ai cinikin azumi daga la'asar zuwa shan ruwa ne, lokacin ne ake ta buɗewa.

Nura: Ki kwashe na sayarwa ki zuba a kula tun la'asar. Yara su riƙa ɗiba daga kula.

Anti Rabi: Wannan kuma dabara ce.

Hajiya Inna: (saƙon murya, 2:41)

Sadiƙ: Wa ya saurara? Datata ta kusa ƙarewa.

Zainab: Kishiyata ce. Ta gaida kowa da kowa har da kaji. Ta ce a gaya wa maigidanta Nura fitilar da ya kawo mata ta daina ci tun sati biyu, in ba zai iya riƙe mace ba ya sauwaƙe mata. Ta ce su da randa da tulu suka yi azumi sittin ba su mutu ba. Sannan ta ce wa ya ɗauki tsaninta.

Nura: Ki ce mata ta daina ajiye ɗan fanel ɗin a ƙarƙashin gado don tsoron ɓarayi, rana yake ci 😂 Gobe zan biyo.

Kawu Sule: Tsanin yana wajena, da shi na hau wankin nan. Zan aiko.

Murja: Anti ni fa da na biya-kaɗan-kaɗan na fara. Ka ba da kafin alƙalami, su kawo maka fanel da ƙwai da fanka, wasu har da talabijin, kana tura kuɗi ta waya duk sati suna turo maka lambobi kana dannawa. In ba ka biya ba ta kulle kanta. Na gama biyan tawa, yanzu ta zama tawa. Sai dai irin tawa ba za ta ɗauki firiza ba.

Baffa Ɗanlami: In ka haɗa jimilla ai ya fi kuɗin hannu nesa. Wannan ba riba ba ce? Kabiru?

Ustaz Kabiru: Baffa, mafi yawan malamai sun halatta a sayar da kaya bashi da farashin da ya fi na hannu, matuƙar an yanke farashi ɗaya tun wajen ƙulla ciniki, an san adadi an san lokaci. Inda matsala take shi ne a ce in ka yi jinkiri za a ƙara maka wani abu a kai. Wannan ƙarin shi ne riba. Sai Murja ta duba takardarta.

Murja: Ba su ƙara mini ba, duhu kawai suke bar ni da shi.

Baffa Ɗanlami: Wayarka a hannunka, fitilarka a ɗakinka, wani yana Legas yana kashe maka. Ni wannan zamani ban gane masa ba.

Sadiƙ: Baffa ai mitar kati ma haka take.

Baffa Ɗanlami: Kada ka tuna mini. Tun Afrilun 2024 da aka ce 'yan Band A yunit ya tashi daga wajen naira 68 zuwa 225, wai za a ba su awa 20. An ɗan rage daga baya, amma me aka rage? Mutanen da ke layin masana'antu yanzu in an kawo wuta gabansu faɗuwa yake.

Yaya Aminu: Shi ya sa har masu wutar suke komawa sola. Da rashin wuta ke kai mutum, yanzu har tsadarta.

Habu: Salamu alaikum, yanzu na shigo daga gona, saƙo 60 na tarar. Ni ban san na gida ba, amma na ban-ruwa na sani. Mu nan Kura da injin fetur muke jan ruwa, da mai ya tashi wasu suka koma tukunyar gas, ni na sayi famfon sola. Fanel shida, babu batir ko ɗaya. Rana ta fito ruwa ya fito, rana ta faɗi mu tashi. Tumatir da albasa ba sa shan ruwa da dare ai. Wahalarsa ɗaya, kullum sai mun kwashe fanel a kura mun kai gida, in ka bar su a fadama ka yi wa wani sadaka. Ranar hazo kuma ruwan kamar fitsarin yaro.

Nura: Kun gani ko? Dabarar Habu ce nake ba Anti. Shi ƙasa ce ke riƙe masa ruwa, ita ƙanƙara ce za ta riƙe mata sanyi.

Habu: Nura tunda ga ka, me ya sa a watan zafi ƙarfinsa ke raguwa da tsakar rana? Na ɗauka lokacin ne zai fi.

Nura: Haske yake so, zafi cutarsa yake. Lambar da ke bayansa a digiri 25 aka auna ta. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rasa kamar kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari, a rana kuwa jikinsa yana haura 60. Ka ɗaga su daga ƙasa iska ta riƙa bi ta ƙarƙashi. Masu manna su a jikin kwano ma kuskuren da suke yi ke nan. Wanki kuma da sassafe, kada ka watsa wa gilashi mai zafi ruwan sanyi.

Zainab: Wai ni kam litiyam ɗin nan ba a Nasarawa ake haƙo shi ba? Har masana'anta aka buɗe a 2024. Me ya sa batirin yake da tsada haka?

Sadiƙ: Su kwashi dutse a tirela, su dawo mana da shi a kwali da rubutun Chana. Kamar fatar Kano da takalmin Italiya.

Yaya Aminu: Wannan masana'antar tace dutsen take yi, ba batir take ƙerawa ba. Tsakanin dutse da batir akwai tafiya.

Baffa Ɗanlami: An sa megawat 10 a Kumbotso, Buhari da kansa ya zo ya buɗe a 2023. BUK ma an sa musu tun 2019. Duk wannan rana da Allah ya ba mu, har yanzu Rabi sai ta sayar da tumaki.

Ustaz Kabiru: Don Allah a bar siyasa, dokar zaure ce. Kuma tunda kowa na nan, mutum bakwai ba su turo na gidauniya ba, wata ya yi nisa.

Sadiƙ: Network ɗina ya fara rawa.

Murja: Ustaz na turo tun ranar sunan gidan Yaya Bala, ka duba.

Ustaz Kabiru: Na watan jiya ne wannan.

Murja: A'a wallahi. Bari in nemo rasit.

Kawu Sule: Rabi, ko wanne za ki saya, abu uku. Ki je shagon da ƙafarki, shago mai ƙofa wanda gobe za ki same shi. A rubuta garanti a rasit da lambar jikin batirin. Kuma kada ki biya mai haɗawa duka sai kayan sun kwana bakwai suna aiki. Ni da na yi haka da yanzu ba a yi mini dariyar siminti.

Nura: A ƙara da na huɗu: a auna fanel da mita a gabanki cikin rana, kada a tsaya ga takarda. Inbata kuma ta zama mai tsaftatacciyar wuta, wadda ake rubuta pure sine a jikinta, don ɗaya irin tana sa fanka gurnani kuma tana cin kwamfaresa a hankali. Kuma firiza in za ta tashi tana fizgar ninki uku zuwa biyar na abin da take sha, don haka kada a yaudare ki da 'yar ƙarama. A sa bireka tsakanin fanel da inbata, a kafa sandar atin saboda tsawar damina.

Yaya Aminu: Ni dai har yanzu mai ruwa.

Hauwa: Ni kuma firigon DC.

Baffa Ɗanlami: Inji.

Anti Rabi: (hoto)

Nura: Anti wannan ai takardar garantin ce, kuma yatsanki ya rufe rabi. Ta ƙasa, kusa da inda waya ta fito.

Anti Rabi: Sai Baban Hanan ya dawo mu ja ta, ta yi nauyi. Af, na manta ban faɗa ba. Har da bilenda ta markaɗen aya, babbar. Kuma ya ce in dai za a yi, a haɗa da injin jan ruwan rijiya.

Nura: Anti!! To ai lissafin ya tashi gaba ɗaya. Doki nawa ne injin?

Anti Rabi: Wane doki kuma? Shuɗi ne dai.

Nura: Bari kawai in zo Asabar bayan na sallami matata.

Zainab: A zo mata da sabuwar fitila ko mu kai ƙara.

Baffa Ɗanlami: Nura, tsakanina da kai, in firji ɗaya ne da fanka huɗu da injin gwiwar Hajiya nawa zai kama? Na litiyam ɗin. Kada ka yi maganar a zaure.

Baffa Ɗanlami: An goge wannan saƙon

Zainab: Baffa mun riga mun karanta 😭😭

Sadiƙ: Ina sayen injin, in fulogin sabo ne.

Baffa Ɗanlami: Jikana ne yake wasa da wayar.

Murja: Ustaz ga rasit ɗin. Duba kwanan watan da kyau.